Yaɓen Gidan Muntaka

A wajenmu, idan ana son sanin mai gida, ba takarda ake fara nema ba. Wanda yake yi wa gidan yaɓe da bazara ake dubawa. Mutumin da aka saba gani ya kwaɓa ƙasa, ya hau tsani, ya shafe bango shekara da shekaru, shi jama'a za su shaida ranar da rigima ta tashi.

Muntaka da idonsa ya ga haka tun yana saurayi. Kawunsa ya zuba ɗan haya a gidansa, ya tafi kudu neman abinci. Ɗan hayan ya yi ta yaɓe, ya ƙara ɗaki, ya dasa darbejiya. Da kawun ya rasu 'ya'yansa suka zo karɓar gado, dattawan unguwa suka ce su dai tun tasowarsu mutumin nan suke gani a kan tsani. Ƙarshe sulhu aka yi, aka tsaga gidan biyu, marayu suka tashi da rabi.

Saboda haka da Muntaka ya gaji nasa gidan a gefen Zakirai, ɗaki uku da zaure, ginin ƙasa, rufin azara, sai ya kafa doka ɗaya. Shi yana zaune a ƙauye kusa da gonarsa, gidan kuwa haya yake bayarwa, kuma duk wanda zai shiga sai ya ji dokar a gaban shaidu.

"Ka sha ruwan rijiya, ka ɗaure akuyarka, ka yi zamanka. Amma bangona babu ruwanka da shi. Ko ƙusa za ka kafa, ka fara sanar da ni."

Kowace bazara zai ɗoro wa jakinsa ƙasa, ya zaɓi ranar kasuwa, ya haye tsani, yana ɗaga murya yana gaida duk wanda ya gifta, har da waɗanda ba su san shi ba. 'Yan unguwa suna dariya, suna cewa Muntaka ya fi son a gan shi a kan bango fiye da a sahun farko. Bai damu ba. Gonarsa bayan rabon gado ba ta fi a noma a wuni biyu ba, gidan nan shi ne abin da ya mallaka. Kuma ya riga ya yi wa 'yarsa Maijidda alkawarinsa. Mijinta ya rasu, tana raɓe da 'ya'yanta a ɗaki guda a gidan surukai, kuma abin da yake riƙe da ita shi ne wata rana za ta koma gidan ubanta ta rufe ƙofarta.

Sai shekarun wuya suka shigo. Taki ya gagari talaka, kuɗin mota ya hana zumunci, gero ya zama abin da ake auna wa da gwangwani. Muntaka ya sayar da jakin. A ƙarshen rani kuma bayansa ya riƙe, ya kwanta, ko alwala sai matarsa Huseina ta tallafa masa. Bazara ta zo ta tarar da shi a kan tabarma, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Ɗan hayansa a lokacin wani tela ne, Sama'ilu, mutum mai sanyin hali, yana da mata da yara ƙanana. Ya hawo keke har ƙauye, ya durƙusa ya yi sannu da jiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, bangon gabas ya tsage. Indararon ɗakin yara ma ya karye, in ruwa ya sauka a jikin bango zai riƙa bi. Ka yarje mini in lallaɓa shi kafin ka samu sauƙi. Ba sai ka ba ni komai ba."

"Wannan ba sai na ba ka komai ba ɗin," in ji Muntaka, "da shi ake cinye gidan mutane."

"Haba Baba, ni?"

"Wanda ya cinye na kawuna ya fi ka ladabi. Zan zo da kaina."

Bayan ya tafi Huseina ta ce, "Malam, da me za ka je? Da bayan da ba ya miƙuwa? Yaron nan tsakani da Allah yake."

"Ke ba ki san mutane ba."

"Na san ruwan sama dai," ta ce, ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

An yi shuka kafin ya iya tashi. Ya dogara sanda, wani mai babur ya taimaka ya sauke shi a bakin unguwa. Tun daga nesa ya hango abin da yake tsoro. Bangon gabas ya sha sabon yaɓe, sumul, har da sabon indararo na kwano. Aiki ne mai kyau, kuma kyan nasa ne ya fi ƙona masa rai, domin duk wanda ya wuce ya gani.

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya kwaɗa wa Sama'ilu kira. Mutane suka fito. Mati, maƙwabcin da suke katanga ɗaya, ya matso yana ba shi haƙuri.

"Malam Muntaka, ruwa ne ya fara zuba a kan yara. Kowa a nan ya san gidanka ne."

"Yau kun sani. Bayan na mutu fa? Wa zai tsaya wa Maijidda, kai?" Ya juya ga Sama'ilu. "Kankare shi. Yanzu, a gaban idon kowa."

Sama'ilu ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Da ya ga da gaske yake, sai ya shiga gida ya fito da fartanya. Ya shiga kankarewa, ƙarar ƙarfe na tashi a jikin bango. Sabon yaɓen ya riga ya kama, don haka duk inda fartanya ta bi sai ta ɓamɓaro har da tsohon, tubali ya fito fili. Matar Sama'ilu tana zaure tana kuka. Muntaka ya sa aka cire indararon kwanon aka mayar da karyayyen, sannan ya ɗaga sandarsa ya rantse cewa duk wanda ya sake taɓa masa gida, ɗan haya ne ko maƙwabci, sai sun tsaya gaban alƙali. A ranar ya koma ƙauye yana jin ya tsare wa 'yarsa gadonta.

Kafin sati ya zagayo Sama'ilu ya kwashe kayansa a amalanke. Labari kuma ya riga ya zaga gari, babu wanda ya zo neman ɗaki. Da haya ta tsaya, abin da Muntaka zai ɗauki magina da shi ma ya tsaya. Ya gwada da kansa sau ɗaya. Ya kwaɓa ƙasa a zaune, ya shafa iya inda hannunsa ya kai, ya taka matakin tsani na biyu, bayansa ya sake riƙewa, sai da aka kai shi gida a kwance. Ya sa aka danna wa zauren kwaɗo.

Da damina ta yi tsakiya aka shiga marka, ruwa ba ya ɗaukewa. Ganye da shara suka toshe bakin indararon, ruwa ya kwanta a kan rufi kamar a cikin kwarya. Mati yana hangen abin daga kan katangarsa. Tsokana ɗaya da gora da ta wadatar. Amma mutumin da ya ji rantsuwa da kunnensa, ga iyali, ga yunwa, ba zai jawo wa kansa zaman kotu ba. Ya aika a faɗa wa Muntaka, ɗan saƙon ya tarar rafi ya cika, dole ya juyo. Ranar Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, bangon gabas ya zauna, rufin ya bi shi, sauran ɗakunan suka biyo baya kafin la'asar.

Da Muntaka ya iso bai yi faɗa da kowa ba. Ya zauna a kan wata azara da ta karye, ya yi ta kallon tarin laka. Baƙin ciki ya cika shi, mutane suna ta yi masa jaje. Ya san ba zai sake tada ko ɗaki ɗaya a nan ba, ba bana ba, ba baɗi ba.

Tsohuwar ƙasar gini taki ce mai kyau, kuma a shekarar da taki ya yi wuya ba a barinta ta kwana. Da kaka ta yi, manoma suka riƙa zuwa suna tayawa. Rumbun Muntaka bai cika ba, sai ya sallama. Amalanke bayan amalanke aka kwashe gidan aka watsa a gonakin mutane, azarar da ta rage aka faskara.

Ya hana a gaya wa Maijidda, kullum yana cewa sai ya samu bakin faɗa. Bayan an gama girbi ta zo gaishe su da yaranta. Ta durƙusa ta gaida shi, idonta a ƙasa. 'Yar autarta Safiyatu ce ta faɗa jikinsa, tana jiran ya kira ta amaryarsa kamar yadda kakanni suke yi.

"Kaka," ta ce, "mun biya ta gidanmu na Zakirai, Inna za ta nuna mini ɗakina. Mun yi ta nema ba mu gan shi ba. Ina ka kai shi?"