Tsohon Layin Dona Ermelinda

Masu motar asibiti sun sauko da Dona Ermelinda har tsakiyar matakala, sai ta damƙe ƙarfen bene da hannun da bai shanye ba, ta ƙi saki. Baki ya karkace, magana ba ta fita. Mu kuwa matan gidan duk mun leƙo, kowace da ludayi a hannu. Wata ta ce carbinta take so, wata ta ce haƙoranta na roba. Filomena ta hawa na biyu ce kaɗai ta gane. Ta haura da ƙibarta tana haki, ta dawo da wata tsohuwar waya mai maɓallai da aka ɗaure murfinta da kyauro. Nan take tsohuwa ta saki ƙarfen.

Layin ƙasarta Fotugal ne a cikin wayar. Ermelinda a nan garin Esch, a ƙasar waje, ta tsufa tana goge ofisoshin mutane, amma ba ta taɓa barin layin gida ya mutu ba, saboda ɗanta Duarte. Ya yi faɗa da ubansa kan wata gonar inabi da ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinta ba, ya tsallaka Venezuela, shiru kake ji. Uban ya rasu, ta sauya gida, lambar nan ce kaɗai yaron ya sani. Kamfani kuwa ba ruwansa da uwa da ɗa. In aka daɗe ba a yi kira da layi ba, sai su kashe shi su ba wani.

To wa za ta kira? Dangi a ƙauye sun ƙare. Sai Filomena da ke ƙarƙashinta, wadda ko tari ta yi tana ji.

"Maƙwabciya, layi nake rayawa, kada ki ja ni da surutu," in ji Ermelinda.

"Ni ce mai surutun? To ajiye mana. Albano maƙwabcinmu dai ya rina gashin bakinsa, amma ba komai, ajiye."

Ina fa ajiyewa! Sai miyar kabeji ta kama a wuta, a hawa biyun duka.

A asibiti Filomena ta riƙa zuwa da miya a kwano, ma'aikatan jinya suna mayar mata da abarta. Ermelinda ba ta duban kwanon. Idonta na kan durowar da wayar take. Filomena ta yi ta lallashi, ta ce layi lafiyarsa ƙalau, idon bai sauka ba. Ranar wata Laraba sai ta ciro wayar, ta danna kira da kanta. Tata ta yi ƙara a aljihu. Ta kara wa tsohuwa wayar tsakanin kunne da matashi, ita kuma ta koma bayan labule ta amsa, ta zuba labarin Albano da matar mai gasa burodi, har da ƙari. Da ta leƙo, gefen bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga, hawaye na gangarawa cikin kunne.

Kafin Lahadi Ermelinda ta cika. Ba ta ji muryar da take jira ba.

Bayan jana'iza 'yar ƙaninta Cátia ta zo daga garin Metz kwashe ɗaki, don mai gida ya riga ya sami masu haya. Yarinya ce mai kirki, sai dai mai sauri. Ta jefa wayar cikin kwalin shara tare da matacciyar rediyo da dutsen guga. Filomena ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen riga, ta ce in layin ya mutu, ranar da Duarte ya kira baƙo ne zai amsa masa, ba wanda zai gaya masa inda aka binne uwarsa.

"Goggo Filomena, mutumin nan ko ya mutu, ko ba ya so. Ku bar baiwar Allah ta huta."

Filomena ta ce gaskiya ne, 'yata, kawo kwalin in saukar miki. Matar da ko jakar dankali ba ta ɗauka saboda gwiwa! Ina bayan ƙofata na ga hannunta ya shiga kwali ya fito. Ban gaya wa kowa ba, kuma kun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Da sanyi ya wuce, wata Lahadi bayan an taso daga coci, Filomena ta zauna a kicin. A sama sababbin masu haya suna jan kujeru. Ta ɗora wayoyin biyu a tebur, ta danna tsohuwar. Tata ta yi haske, sunan Ermelinda ya fito a jiki. Ta daɗe tana kallonsa. Dole ta amsa, in ba a amsa ba kamfani ba ya lissafa shi kira.

"Maƙwabciya," ta ce, "Albano ya yi aure."

Muryarta ta fito daga tsohuwar wayar, 'yar siririya, ta ɗan makara.

"Yaron bai kira ba tukuna."

Ta kashe. Ta goge wayar da gefen riga, ta gyara mata kyauro, ta jona ta a wuta a bakin taga, inda ko tana wanke-wanke za ta ji.