Sunan Yanka a Bakin Tafki

Tun da Sauda ta jiyo ƙamshin ɗanyen kifi daga ɗakin matar ɗanta, ta ce wa mijinta Hodi abin nan ba zai ƙare lafiya ba. Kifi a wannan wata, a ƙauyen da aka rufe ruwa, ai tsokana ce.

Ƙauyen nasu yana tsakanin Argungu da Augie, zamanin da duk ƙasar Kabi ke cikin jihar Sakkwato. Suna da tafki ɗaya babba da suke kira Gwaggo. Tsofaffi sun ce tun kafin tsohon birnin Surame ya zama kufai wata tsohuwa ta fara zama a bakinsa, ta ƙulla maƙwabtaka da mutanen ruwa. Ta yi musu alkawarin za a bar musu gidansu tun faɗuwar damina har tsakiyar rani, su kuma su ƙyale duk wanda aka gaya musu sunansa. Shi ya sa ranar fashin ruwa, wato ranar buɗe tafki, Sarkin Ruwa yake shiga kwalekwale ya zuba fura, ya kira gidajen gari ɗaya bayan ɗaya, sannan ya doki ruwa da filafilin da yake tuƙi da shi, kowa ya afka.

Wannan shekarar fari aka yi. Shinkafa ta ƙone a fadama tun ba ta yi ciki ba, Sarkin Ruwa Maigandi kuma sai ɗaga ranar yake yi, wai kifi bai ƙosa ba.

Hodi ya sami ɗansa a zaure yana ɗinkin homa, ragar nan ta hannu. Arzika ake ce masa, ɗan fari ne, ya yi shekaru a Birnin Kebbi yana koyon gyaran injin ban ruwa kafin ya dawo gida ya yi aure.

"Kai, wa ya ba ka kifi?"

"Allah ya ba ni, Baba."

"Allah ya ba ka a ina? A rumbu?"

"A Gwaggo. Da rana tsaka na shiga, ban ɓoye ba." Bai ko ɗaga kai ba. "Matata na shayarwa, nono ya ƙafe. In zauna in jira tsoho ya gama shawara da kadoji?"

Hodi ya ji kansa ya yi zafi. Ya fizge homar ya jefar waje.

"Wawa! Ɗan banza marar ji! Kai kaɗai ka san yunwa? Gari duka na haƙuri, kai aka ga ka fi kowa ciki?"

"Gari duka na tsoro dai, ba haƙuri ba. Kuma ranar fashin ruwa ni za ka gani sahun gaba, ko an kira gidanmu ko ba a kira ba."

Wannan maganar ce ta hana Hodi cin tuwo. Zagin ɗan ya yi, amma tsoro ne fal ransa, don ya san halin yaron: abin da ya ce zai yi, sai ya yi. Ya kuma san yadda ake fito da mutum daga Gwaggo idan ruwa bai san shi ba. Ya taɓa riƙe ƙafar gawar wani da aka fitar.

Da hantsi ya tafi gidan Maigandi. Ya tarar da tsohon a ƙarƙashin giginya yana shafa wa kwalekwale kwalta. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya kamata, duk da haƙoransa a cije suke.

"Sarki, na zo kan maganar yaron nan."

"Wane yaro? Yara da yawa garin ga."

"Ka san wanda nake nufi."

"Na san wanda yab ɓata min ruwa," in ji Maigandi. "Gidanka ya fita bakina, Hodi. Ba ni kiran shi bana."

"To a yanka akuya. A dama fura ƙwarya nawa kake so."

"Gwaggo ba ta jin yunwa. Abu guda aka sani tun kakanni. Wanda yas shiga ba a kira shi ba, uban da yah haife shi shi ka tsayawa bakin ruwa, gaban jama'a, ya faɗi sunan ɗan da bakinai. Sunan yanka. Kafin in doki ruwa."

Hodi ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Ɗan farina ne fa, Sarki!"

"Na sani."

"Sunan mahaifina gare shi!"

"Har wannan na sani, ni na ci naman sunan."

"In ce Arzika mana. Kowa da shi ya san shi."

Maigandi ya yi dariya ta hanci. "Arzika nawa ag garin ga? Har jakin Dikko Arzika aka ce mai. Ruwa ba ya karɓar laƙabi."

"Kai dai mugun tsoho ne," in ji Hodi. "Ka hana mutane ruwa har nonon mata ya ƙafe, yanzu kuma kana son ka tuɓe min wando a kasuwa. Da ka buɗe tafki kan lokaci da wa zai shiga a ɓoye?"

"Ka gama? In ka gama ka matsa, kana tare min rana."

Wanda ba ɗan ƙasar ba zai ce mene ne abin wahala a faɗin suna. Amma Hodi tun da aka haifi yaron bai taɓa furta shi ba. Ranar suna gona ya tafi ya yini. Da za a sa shi makaranta, Hodi nasa ƙanen ya tura ya gaya wa malami sunan. Uba ba ya kiran ɗan fari, ba ya nuna yana son sa a gaban mutane, balle a ce sunan na mahaifinsa ne da ke kwance a ƙasa. In ya faɗe shi da ƙarfi a bakin tafki, kamar ya tsaya ne ya ƙwala wa ubansa kira irin na yaron aike, kuma ya shaida wa gari cewa tsoron rasa ɗa ya fi kunya ƙarfi a wurinsa.

A gida Sauda ta tare shi.

"Malam, me ya ce?"

Ya gaya mata. Ta ce, "Da ana karɓar na uwa, da na rufe fuska na faɗa."

"Ke ma kin fara? Ke kika lalata shi ai. Ke kika ce a kai shi Birni."

"Ni na ce. To ka faɗa ko ba ka faɗa?"

"Ya je ya shiga! Ya ga abin da ake gani! Ni zan zubar da girmana don ɗan da ya ce min matsoraci?"

Haka ya yi ta faɗa har ranar ta zo. Ya yi faɗa da Sauda kan gishiri, ya yi faɗa da maƙwabci kan akuya. A gona, inda ba kowa, ya gwada motsa leɓe da sunan, sunan ya ƙi fita, ya tofar da yawu ya zagi Maigandi.

Ranar fashin ruwa gari ya taru tun da safe, har da mutanen ƙauyukan kusa. Ruwan ya ja baya sosai, taɓo ya fito baƙi ƙirin. Masunta suka jeru, kowa da homa biyu da goran da zai hau ya yi iyo. Arzika na sahun gaba kamar yadda ya ce, ya tuɓe riga, ko waiwaye ba ya yi.

Maigandi ya tura kwalekwale, ya zuba fura, ya fara kiran gidaje. Gidan Dikko. Gidan Malami. Gidan Ummaru Maƙeri. Da ya zo inda gidan Hodi yake faɗowa kowace shekara, sai ya dakata, ya juyo ya dubi Hodi. Jama'a ma suka juyo.

Hodi ya buɗe baki. Ya ga dattawan da suka yi zamani da mahaifinsa a zaune kan tabarma suna kallonsa. Ya ga wani ɗan Katsina mai tallar goro, abokin wasansu, ya riga ya fara murmushi. Bakin ya rufe kansa.

Maigandi ya jira abin da ya jira, ya ci gaba da sauran gidaje, ya gama. Ya ɗaga filafili sama.

Hodi ya ga ƙafar ɗansa ta ɗaga daga taɓo.

"Abdussamadu!"

Filafili ya doki ruwa, makaɗa suka saki ganguna, mutane suka afka da ihu. Hodi ya sake ƙwalawa, ya sake, yana gudu cikin taɓo da babbar riga. Ya ga yaron, ruwa iya ƙirji, ya juyo da fuska irin ta wanda aka tasa daga barci. Suka haɗa ido. Sai yaron ya nutse, goransa ya taso shi kaɗai.

Masunta biyu ne suka jawo shi. Ƙwaurinsa na dama a tsage yake tun daga gwiwa, jini na bin taɓo. Aka ɗaure da rawanin wani, aka sa shi a motar albasa zuwa Argungu, daga can aka ce a wuce Birnin Kebbi.

Kafin Hodi ya hau motar sai da ya koma bakin ruwa ya riƙe hancin kwalekwalen Maigandi.

"Na faɗa! Gari duka ya ji na faɗa! Me kuma kuke so, kai da Gwaggonka?"

"Ka faɗi bayan na doki ruwa."

"Ƙarya kake! Hannunka na sama!"

"In hannuna na sama, to shi yas sa anka ba ka shi da rai," in ji tsohon. "Sakar min jirgi."

Arzika ya yi wata guda a asibiti. Ya dawo da ƙafarsa, amma da ɗingishi, ba ya iya tsayuwar fadama kamar da. Likita ya ce tsagar ta yi kama da ta tsohon ƙarfe, ko ƙusar jirgin da ya nutse. Waɗanda suka jawo shi sun rantse sun ga sawun haƙori. Hodi bai ƙara gaida Maigandi ba, ko a jana'iza, kuma bai ƙara furta sunan ba. Shi yaron in an tambaye shi me ya taɓa shi a ƙarƙashin ruwa, sai ya ce bai gani ba.

Har yau a ƙauyen ba a san abin da ya tsaga ƙafar ba, ba a kuma san ko kiran Hodi ya riga filafili faɗuwa ko filafili ya riga shi ba.