Kowa Ɗaya Ya Cire

Gwani na tsugune a ƙarƙashin tebur, kai cikin wayoyi da yanar gizo-gizo, bakinsa kuwa bai huta ba. Wai su Kawu su kwantar da hankalinsu, wannan ba ciwo ba ne, mura ce, kafin shayin Kawu Babba ya huce an gama.

Shagon hoto ne na gado. Kakan Gwani ya kafa shi, kawunnansa biyu suka gada, kullum suna faɗa a kan wanda ya bar fanka a kunne. Bara Gwani ya zo musu da wani baƙin akwati mai ɗakuna huɗu, kowane ɗaki da faifan ajiya na kwamfuta a ciki, mai kama da guntun bulo na ƙarfe. Ya zuba duk hotunan shagon a ciki, tun daga na zamanin Kaka har na jiya. Tsofaffin fina-finan wankin hoto da suka cika kabad kuwa, shi da bakinsa ya ce a zubar, gayyar kyankyaso ce kawai. Aka zubar.

Ranar da ya haɗa akwatin, har maƙwabta sai da suka leƙo jin wa'azi. Ya ce kowane hoto yanka shi ake yi a raba wa faya-fayan huɗu, shi ya sa yake buɗewa kamar walƙiya, kaya ne ƙarti huɗu suka ɗauka maimakon ɗaya. Kuma kowannensu na riƙe da ɗan sirrin 'yan'uwansa, in ɗaya ya mutu, ukun za su haɗa kai su fito da abin da ke cikinsa. Don burga har ya zare ɗaya a gabansu, hotuna suka ci gaba da buɗewa. Ya ce, "Kun gani? A cire ɗaya, ko a jikinsa."

Yau da safe kwamfuta ta ce ba ta san wani akwati ba.

Gwani ya jawo akwatin zuwa haske. Abu na farko da ya gani, an liƙe wata 'yar fitila da baƙin salatif. Ya ɓare, ja ce jawur. Ya zaro ɗaki na biyu, ya ji shi sakayau kamar gwangwanin da aka shanye. Ba faifai. Ya zaro na huɗu. Shi ma wayam.

Ya daɗe yana kallon ramukan nan biyu kamar wanda ya buɗe baki a madubi ya ga ba haƙoran gaba. Sannan a hankali ya tambaya ko ɓarayi sun shigo.

Kawu Babba ya kurɓi shayi, ya gyara tabarau. Ya ce ba wani ɓarawo, shi ya ɗauki ɗaya tun watan jiya, na'urar kyamarar tsaron gidansa ce faifanta ya lalace. Ya mayar da ɗakin yadda yake don kada ƙura ta shiga. Akwatin ya yi ta tsiwa yana ƙyafta jan ido, shi kuma ya rufe masa ido ya kashe ƙarar.

"Kai ka ce a cire ɗaya ko a jikinsa," in ji shi.

Kawu Ƙarami, da ke goge gilashin kyamara a bakin ƙofa, hannunsa ya tsaya cak.

"Yaya, kai ma ka cire?"

"Kamar yaya ni ma?"

"Ai ni ma ɗaya na cire."

Gwani ya zauna daɓas a ƙasa, bai ma san ya zauna kan abin goge ƙafa ba. Ya tuna hoton Kaka da kyamararsa mai ƙafa uku, da hoton mahaifiyarsa tana yarinya da kitso biyu, wanda take sa a buɗe mata duk ranar da ta biyo ta shagon. Ya tuna mutanen unguwa da ke zuwa neman hoton iyayensu da suka rasu. Duk suna cikin akwatin, a yanke, rabi ya tafi yawo.

Kawunnan kuwa tuni sun kaure. Babba na cewa shi ya riga, don haka nasa halal ne. Ƙarami na cewa ai ba a rubuta suna a jikin ɗayan da aka yafe ba, kuma wane irin mutum ne zai toshe wa na'ura baki tana kuka. Gwani ya ɗaga hannu kamar mai ba da hannu a titi.

"Kawu, na roƙe ku. Wanda aka kai gida ya riga ya zama gawa, kyamara ta yi ta rubutu a kansa. Na ƙarshen da aka cire shi ne ranmu. Yana ina?"

Ashe jiya bayan an tashi Kawu Ƙarami ya cire, ya saya masa ɗan gida mai wayar jonawa da kwamfuta, ya ba Auta, 'yarsa da ke komawa jami'a, don ta zuba aikinta na ƙarshen shekara. Da asuba ta hau mota.

Gwani ya kira lambarta. Bai shiga ba. Ya sake, aka ce ba ta kusa. Ya fita bakin titi yana ɗaga waya sama kamar mai kiran tsuntsu, kawunnan biyu na biye da shi, Babba har da kofin shayinsa. Can dai ta ɗauka, ƙarar mota da kukan jariri a bayanta.

"Yaya Gwani, lafiya? Dama kai nake nema. Wannan faifan da Baba ya ba ni ɗan jabu ne. Na jona shi, ya ce sai an yi masa fomatin."

"Auta. Ƙanwata ta kaina. Me kika danna?"

"Eh na danna mana. Me zan danna?"

Kawu Ƙarami ya dafa sandar fitilar titi. Fomatin shara ce, tana kwashe duk abin da ke cikin faifai, kuma ba a tambayar tsintsiya inda ta kai ƙura.

"Sai ya sake fito da wani allo wai in danna fara," ta ci gaba, tana taunar wani abu. "Kafin in kai hannu kwamfutar ta mutu. Batirin nan da ka ce ka gyara min ne, ko minti goma ba ya yi. Wallahi kai ba gwanin komai ba ne."

Gwani ya ce mata gaskiya ta faɗa, ya yarda, ta ƙara ma in tana so. Amma ta zare wayar, ta naɗe faifan a ɗankwali, ta sauka a tasha ta gaba ta zauna, kada ta ba kowa ko da direba ne, kada ta yi caji, kada ma ta kalli soket. Ga shi nan zuwa.

Da la'asar ya dawo, rungume da jaka kamar mai ɗauke da jinjiri. Ya mayar da faifan ɗakinsa, ya yi ta lallashin akwatin da 'yan rubuce-rubuce, gumi na ɗiga a kan madannai. Sai ga Kaka ya bayyana a allo, yana murmushi a bayan kyamararsa. Kawu Ƙarami ya juya baya, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Gwani ya ce yanzu a kan ƙafa uku suke, ko atishawa kada a yi kusa da akwatin, gobe zai kawo sabon faifai ya cike ramin.

Kawu Babba ya gyaɗa kai, ya yi ɗan lissafi da yatsu.

"To in ka sa sabon, sun koma huɗu ke nan. Ka ga an sake samun ɗaya na banza."

"Wannan karon nawa ne," in ji Kawu Ƙarami.

Gwani ya dube su, ya dubi akwatin. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya tsallaka titi wajen mai walda, ya tambaye shi ko yana yin keji mai kwaɗo, daidai girman akwatin.