Tururuwan Mai Aski

Tela ba ta ko sauke bokitin ba ta ji ƙarar sakata. Famfo kawai ta je, ta bar jaririyarta a gado, sai ga mijinta Mai Aski ya kulle kansa da yarinyar.

"Maigida, buɗe mana."

"Sun shige ta," ya ce daga ciki. "Ga su nan suna tafiya a hannunta."

Tururuwa yake nufi. Wata uku ke nan yana fama da su, tun da wani mai zuwa aski ya koya masa shaƙar hodar iblis, wai tana kashe gajiya, a aske kai talatin ba a zauna ba. Gajiya kam ta kashe, ta haɗa da barci da cin abinci. Hanci ya dinga yoyon jini, daga nan tururuwa suka tare a ƙarƙashin fatarsa, shi kaɗai ke ganinsu. Ya ƙone katifa, wai ƙazantar Tela ce. Ya yi wanka da maganin ƙwari. Ƙarshe ya koma farautarsu da reza, har damatsansa suka zama kamar katakon sara nama.

Tela ta leƙa ta taga. Ya shafe hannun yarinyar da kumfa, tsaf, yadda yake yi wa manyan mutane. Ita kuwa sai dariya take, burushi na mata cakulkuli. Rezar na tsakanin yatsunsa.

Tsakar gida ta cika. Mahauci na ɗakin kusa ya fito da singileti, tsohuwa mai gidan haya na biye da shi.

"Tun ranar da ya aske wa direba gira ɗaya na ce a ɗaure shi," in ji tsohuwar. "Aka ce na cika baki."

Mahauci ya ja baya zai doki ƙofa, Tela ta riƙe shi. Ta san kafin katako ya karye, reza ta gama aikinta. Ta kai baki taga.

"Haba Maigida, da tsohuwar reza? Kai da ba ka maimaita wa baƙo, sai 'yarka? Ga sabuwa a hannuna."

Ya ɗaga rezar, ya duba bakinta a haske, ya yi tsaki. Sakata ta motsa.

Mahauci ya shiga da kafaɗa. Rezar ta tsarge masa kunci har kunne, jini ya fantsama a labule. Tela ta bi ta ƙarƙashinsu ta fizgo 'yarta. Maza uku suka taru a kan mutum ɗaya da bai kai nauyin buhu ba, yana watsar da su, yana cizo, haƙorinsa guda ya karye a ƙafar gado. Da ƙyar suka kifa shi, Mahauci ya ɗora masa gwiwa a baya.

"Jikinsa zafi kamar dutsen guga," wani ya ce.

Mai Aski ya yi ta shure-shure, sai ya bari.

"Yauwa, ya huce," in ji tsohuwar.

Ba hucewa ba ce. Likita daga baya ya ce hodar ta daɗe tana matse masa jijiyoyin zuciya, kokawar ce ta ƙarasa shi.

Aka ja zani aka rufe shi. Tela ta zauna a bakin ƙofa, ta tsoma gefen mayafinta a ruwa, ta shiga goge kumfar a hankali, tana juya ɗan hannun ta ko'ina. Ko ƙwarzane babu. Yarinyar ta kama mayafin ta kai baki.