Lambar da Ke Jikin Kwalba

Mai Kwano yana riƙe da gefen fallen kwanon rufi ɗaya, yana nuna wa wani magini lambar da aka buga a jikinsa, lokacin da wayarsa ta yi ƙara karo na uku.

"Ka ga wannan? Ita ake saye, ba ƙyalli ba," ya ce. "A baki, kowane kwano zinki ne. Wani ya yi shekara ashirin, wani damina biyu ya zama rariya. Lambar kauri ce ke raba su."

"Maigida, wayarka za ta fashe," in ji maginin.

Daga makarantar 'yarsa ne. Muryar mace ta ce ya zo yanzu, ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ya zo. Ya bar wa maƙwabcinsa mai fenti shagon, ya tari mota.

'Yar tasa shekararta goma sha uku, kuma zabiya ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata. Tun tana goye likitan fata ya gaya musu cewa rana ce abokiyar gabarta: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da man kariya a fuska kullum. Shekara da shekaru asibiti ke ba su man kyauta, kwalba ɗaya duk wata. Makonni uku da suka wuce aka ce shirin ya tsaya. Likita ya rubuta masa abu biyu a takarda, sunan sinadari da wata lamba, ya ce ya nema a kemis.

Ya same ta a ɗakin jinya na makarantar, zaune a bakin gado, da jiƙaƙƙen tawul a hannu. Goshinta da kumatunta sun yi jajir. A karan hancinta akwai ƙananan bororo guda uku, cike da ruwa.

"Sannu, Baba," ta ce, kamar shi ne mara lafiyar.

Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau a goshi, ta yi masa bayani a taƙaice. Yau aka yi gwajin tsere. Yarinyar ta cire malafa don ta yi gudu, ta yi kusan awa biyu a fili. Ta zo ta biyu.

"Na ce mata wa ya aike ki? Ta ce babanta ya ce man nan ko tsakar rana ba ta ratsa shi." Nas ta ɗauko kwalbar daga kan tebur. Tsohuwar kwalbar asibiti ce, rubutunta ya fara gogewa. Ta matsa kaɗan a bayan hannunta, ta murza, ta kai hanci. Ba ta yi sauri ba. "Malam, 'ya'ya shida na raina. Wannan ƙamshin na san shi."

Mai Kwano ya dubi fankar da ke juyawa a sama.

Ya san shi shi ma. Ranar da ya je kemis da takardar likita, ya ga kuɗin 'yar ƙaramar kwalba, ya mayar da ita a hankali kamar ƙwai. A kantar ƙasa kuwa ga wani babban gwangwani mai araha, da sunan sinadarin nan dai, zinki, a jiki, harafi da harafi, da hoton jariri yana dariya a murfi. Man ƙurajen famfas ne. Zinki dai zinki ne, ya ce a ransa. Shi da ke sayar da shi kullum ai ba za a koya masa abin da ke tare rana ba. Ya kawo shi shago, ya ja ƙofa, ya ɗura shi cikin tsohuwar kwalbar da cokalin shayi. Da matarsa ta ce ya yi kauri, ya ce kamfanin ne ya canza haɗi.

"Wa ya sayo mata wannan?" nas ta tambaya.

Ya buɗe baki. Kafin wata kalma ta fito, yarinyar ta riga shi.

"Ba man ba ne, Anti. Ni ce na manta ban shafa ba yau."

Nas ta dube ta. Farin maiƙo na nan kwance a gindin gashinta da bayan kunnuwanta, ko makaho ya shafa zai ji. Sannan ta dubi uban, ta ba shi lokaci. Ya tsaya yana juya makullin shago a aljihu har lokacin ya wuce.

"To," in ji nas, ta miƙa masa kwalbar da yatsu biyu. "Kada a fasa bororon. Gobe a kai ta likita ya gani. Yau kuma a nema mata na gaskiya."

Suka kama hanya. Ta ja malafarta har gira. Shi kuwa kwalbar tana aljihunsa tana bugun cinyarsa duk taku.

Bai koma wancan kemis ɗin ba. Ya shiga wani ƙarami kusa da tashar mota, inda wata mata mai ciki ke zaune bayan kanta tana cin gyaɗa. Ya ciro takardar likita daga walat, ta yi laushi saboda ninki, ya ajiye mata.

Ta karanta, ta ɗago ta dubi fuskar yarinyar, ta ture gyaɗar gefe.

"Subhanallahi. 'Yan mata, wa ya gasa ki haka?"

"Tsere na yi."

"Kin ci?"

"Ta biyu."

"Da wannan fuskar ai sai ta ɗaya, don a rage asara." Ta sauko da kwalabe huɗu, ta jera su. "Malam, duk waɗannan da zinki a ciki. Kada sunan kamfani ya ruɗe ka, kada kwali mai zinariya ya ruɗe ka. Abu biyu za ka duba. Ga lamba nan a gaba: talatin ta isa yawancin mutane, amma irin fatarta hamsin likita ya rubuta. Sai wannan rubutun na ƙasa, da ke cewa yana tare hasken iri biyu, mai ƙonawa da mai shiga ciki a ɓoye. In babu lamba, ba wanda ya gwada shi a rana. Ko zinkin ya kai buhu, caca kake yi."

Maganarsa ce ta safe, kusan kalma da kalma. 

"Wannan mai tsadar me ya fi su da shi?" ya tambaya, don dai ya ce wani abu.

"Launi. An zuba masa kala don kada ya bar fari a fuska. Ni in na shafa mai arahar nan sai in fito kamar na yi dambe da buhun fulawa. Mijina ya taɓa yi min sallama a ƙofar gida, bai gane ni ba."

"Ni ai ba a gani," in ji yarinyar. "Fari a kan fari."

Mai kemis ta yi dariya har ta dafa ciki. "Kin ga, ke kaɗai ce Allah ya yi wa rangwame a kasuwar nan." Ta tura mai arahar gaba, doguwar kwalba mara ado, da hamsin a rubuce ɓaro-ɓaro. "Wannan ya ishe ta. Tsawon yatsu biyu a fuska da wuya, a sake bayan awa biyu, in ta yi gumi a sake tun kafin nan. Ban da kan bororon sai ya warke." Sai ta juya ga yarinyar, ta canza murya. "Amma ke ma da laifinki. Babba da ke, a saya miki mai ki ƙi shafawa? Kin san wahalar da iyaye ke sha?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na tuba, Anti."

Mai Kwano ya sa hannu a aljihu, ya fito da tsohuwar kwalbar, ya ajiye ta kusa da sabuwar.

"Ta shafa," ya ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai ya sake. "Kullum tana shafawa. Man jarirai ne a ciki. Ni na zuba."

Mai kemis ta dubi kwalbar, ta dube shi. Wani tsoho da ya shigo neman maganin tari ya tsaya da baki buɗe.  Ita kuwa ta sa sabon man a leda, ta karɓi kuɗinta, ta ce wa tsohon, "Baba, busasshe ne ko mai majina?"

A waje rana ta karkata, amma da sauran ƙarfinta. Suka tsaya ƙarƙashin rumfar tasha. Yarinyar ta buɗe kwalbar, ta ja farin layi a kan yatsu biyu kamar yadda aka nuna mata, ta shafa tana kewaye hancin a hankali.

"Uwata," ya ce, yana kallon titi. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko."

"Ta yaya?"

"Baba, ni nake canza wa Auta famfas."

Mota ta zo ta cika ta tafi, ba su shiga ba.

"A aji fa? Ba wanda ya ji ƙamshin?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Suna ce min Jaririya. Ya fi wanda suke ce min da."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta rufe kwalbar, ta duba lambar ta kusa da ido yadda take duba kowane rubutu, hancinta kusan yana taɓa robar.

"Ka ce zinki zinki ne," ta ce. "Na ɗauka ka sani."

Ya so a ce ƙarya take yi, irin wadda ta yi wa nas. Ya dubi fuskarta da kyau, ya ga ba ƙarya ba ce.

Wata motar ta tsaya. Kujerar gefen taga, inda rana ke bugawa, ita ta rage da ta kusa da ita. Ya riga ta shiga ya zauna a tagar. Da ta zauna, ta zaro tsohuwar kwalbar daga ledar, inda mai kemis ta jefa ta ba tare da ya lura ba, ta ɗora masa a cinya.

"Ka kai wa Mama," ta ce. "Na Auta ya kusa ƙarewa."