Ramuka a Muryar Abba Ji

Manzur mai lasifika bai taɓa son kwamfuta ba, kuma ranar da ya fara zama gabanta a shagon Dilawar sai da ya zage ta. Rayuwarsa duk a kan tsani ya yi ta, yana ɗaura lasifika a gidajen biki da hubbaren waliyyan Multan, a Pakistan. Waya ya sani, da makirufo, da faɗa da makaɗa. Abin da ya kawo shi kaset ne guda ɗaya, wanda aka ɗauki mahaifinsa, Ustad Karam Bakhsh, yana rera kafi, waƙar sufaye, a tsakar gida. Duk duniya babu inda muryar tsohon ta rage sai nan. Ga barsi ya matso, taron da dangi da ɗaliban mamaci ke yi duk shekara, kuma Manzur ya riga ya saki baki gaban kowa cewa bana Abba ji, kamar yadda suke kiran tsohon, da kansa zai yi waƙa, tas, babu ƙugi babu shuu.

Dilawar abokinsa ne tun na yarinta. A da kaset yake sayarwa, da kasuwar ta mutu ya koma gyaran sautin bidiyon biki. Shi ya juye kaset ɗin cikin kwamfuta. Suna gama juyewa rediyon ya cafke zaren ya taune shi, suka zaro shi a dagargaje.

"To, yanzu Ustad ji yana cikin nan kaɗai," in ji Dilawar, yana dafa kwamfutar. "Je ka sha nonon lassi, in gyara maka."

"Ubana ne. Ni zan gyara."

"Da waɗannan yatsun naka kamar guntayen rake?"

"Kai da ka iya, da wane yatsu aka haife ka? Matsa."

Haka ya fara koyo, yana koyo yana masifa. Muryar ubansa ta zama wani shuɗin zane a allo mai kama da ƙashin kifi, inda ya ɗaga murya zanen ya kumbura, inda ya ja numfashi ya tsuke. Linzamin kwamfutar ya ƙi bin hannunsa. Ya nufi nan, kibiyar ta tafi can. In ya so ya shata ɗan wuri sai ya shata rabin waƙa. Dilawar na gefe yana cin ƙosan pakora yana dariya.

"Ba guduma ba ce, Manzur. Lallaɓa ta."

"In ta sake guje mini zan lallaɓa ta da takalmi."

Amma kansa da tauri, kuma taurin ya yi masa rana. A hankali ya iya buɗa zanen har ya ga tari ɗaya a tsaye kamar ƙusa, ya shata shi, ya yanke. Ya cire zakaran maƙwabta. Ya cire tukunyar innarsu da ta yi fito a kicin. Ya koyi maɓallin da ke maido da abin da ka ɓata, ya ce wannan kaɗai ne mai hankali a cikinsu. Abu ɗaya Dilawar ke maimaita masa kullum: kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafi a gefe. Manzur ya ce ya ji. Bai ji ba.

Akwai abin da ke ci masa rai a kaset ɗin, kuma ba zakara ba ne. Tun kafin tsohon ya buɗe baki, tanpura ce ke fara magana, molon nan mai dogon wuya da ba ya waƙa, sai dai ya yi ta gunji ɗaya a ƙarƙashin mawaƙi daga farko har ƙarshe. Mai kaɗa ta a ranar Liyakat ne, wan Manzur. Liyakat ya yi ƙuruciyarsa a zaune bayan ubansu yana jan tsirkiya, ba a taɓa ce masa ya rera ko baiti ɗaya ba. Da tsohon ya rasu ya rataye tanpurar ya buɗe shagon ɗinki, sannan ya ɗauki harmoniyam, akwatin kiɗan ubansu, ya ba wani ɗalibi. Da Manzur ya tambaya, sai ya ce masa gaban mutane, "Me za ka yi da ita? Lasifika ta kashe maka kunne." Tun daga ranar ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa su.

Wata rana Dilawar ya nuna masa yadda ake cire ƙugi. Ka nuna wa manhajar wurin da babu komai sai ƙugin, ta haddace shi, sannan ta bi waƙar gaba ɗaya ta share shi duk inda ta same shi. Manzur ya jira Dilawar ya fita kai wa wani ango bidiyonsa. Yana fita ya shata farkon kaset ɗin, inda tanpura ke gunji ita kaɗai, ya ce wa manhajar ga ƙugi nan. Ya ja ma'aunin har ƙarshe, ya danna. Ya saurari farkon, shiru tas, kamar ba a taɓa haihuwar Liyakat ba. Daɗi ya kama shi. Ya ajiye da sunan da yake kai, kwamfutar ta yi masa wata tambaya da Turanci, ya danna inda ya saba ganin Dilawar na dannawa, ya rufe komai.

Da Dilawar ya dawo suka kunna. Tsohon ya ɗauki baiti, ya hau sama lafiya, muryar ta ɗan yi ruwa-ruwa amma tasa ce. Sai ya fara saukowa, ya sassauta, ya nufi inda yake sauke kowane baiti ya ja shi a hankali, wurin da mutane ke cewa wah don yabo. A nan muryar ta ɓace, babu ita. Baiti na biyu haka. Na uku haka. Duk inda tsohon ya zo sauka sai ya faɗa rami.

Dilawar ya ajiye kofin shayinsa. "Me ka nuna mata?"

"Tanpura."

"Ina kwafin?"

Manzur ya nuna allo, babu wani kwafi sai wannan.

"Kai ɗan mawaƙi ne ko ɗan mai jaki? Da me ake ɗaure tanpura in ba da muryar mai waƙa ba? Inda take gunji nan ne gidan muryarsa. Ka ce mata ta kashe wannan amon, ta kashe. Ita ta san wa da uba?"

"Danna na maidowa."

"Ka rufe, ka danne na asali. Babu abin da zai dawo."

Manzur ya zagi kwamfutar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya zagi Dilawar da angon da ya fitar da shi. Dilawar ya bar shi ya gama, sannan ya ce mutum ɗaya ne ya san yadda aka ɗaure tanpurar nan a ranar, kuma yana layin teloli.

Manzur ya sami Liyakat a kan keken ɗinki, awo a wuya, bai ko ɗago ba.

"Paa ji," in ji Manzur, yadda ƙane ke kiran wansa.

"Ba na karɓar ɗinki, aiki ya yi yawa."

"Na ɓata kaset ɗin Abba ji."

Keken ya tsaya. Manzur ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, yana faɗa yana huci kamar shi aka yi wa laifi.

"Wato ni ka je cirewa," in ji Liyakat.

"Kai na je cirewa."

"Ka kuwa iya aiki. Ka ciro har da tsohon."

Washegari Liyakat ya zo shagon Dilawar da tanpurar a naɗe cikin tsohon mayafi. Bai kalli ƙaninsa ba. Ya sa abin ji a kunne, ya ɗaure tsirkiya, ya kaɗa daga farko har ƙarshe, Manzur na ɗauka. Da aka shimfiɗa ta ƙarƙashin muryar, waƙar ta sami ƙasa, amma ramukan na nan, har sun fi fitowa. Liyakat ya daɗe yana kallon allo.

"Matso mini da makirufo. Kuma in ka gaya wa wani, ba ni ba kai har lahira."

Ya taɓa kunnensa kamar yadda ake yi kafin a rera abin malami, ya jira tsohon ya sauko, ya karɓe daidai inda ya ɓace. Dilawar ya daina tauna. Muryar ɗaya ce, har ɗan karcen da ke maƙogwaro.

Sauran aikin na Manzur ne. Rami bayan rami, ya yanko muryar wansa, ya jera ta, ya sa ta uban ta dushe a hankali ta Liyakat ta taso a cikinta. Yanzu linzamin na bin hannunsa. Da ya gama, shi kansa sai ya duba allo yake sanin inda ɗinkin yake. Wannan ne ya fi ƙona masa rai: mutum na da wannan a wuya, yana zaune yana ɗinka wa mutane ƙafar wando.

Ranar barsi aka cika tsakar gida, aka yi addu'a, Manzur ya kunna. Tsofaffin ɗalibai suka sunkuyar da kai. Da aka gama, Chacha Nazir, wanda ya fi kowa daɗewa da marigayin, ya share ido ya ce wannan saukar ta tafi da mai ita, ba za a sake jin irinta ba.

Manzur ya miƙe, ya ciro makirufo daga sandarsa, ya ja waya ta tsallake ƙafafun mutane, ya dire shi gaban Liyakat.

"Ba ta tafi ko'ina ba, Chacha. Duk saukar da kuka ji ta wannan telan ce. Ni na goge ta Abba ji, shi ya cike."

Liyakat ya dube shi, idonsa ja.

"Na ce maka har lahira."

"Da ma ba ma magana. Me na rasa?"

Chacha Nazir ya sa aka miƙo tanpurar. Liyakat ya ƙi karɓa, tsohon ya ɗora masa a cinya. Liyakat ya zauna da ita yana huci, can ya murɗa tsirkiya ɗaya, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Rage ƙarar lasifikar nan, kurma. Ba gidan biki ba ne."