Iyakar Tumakin Jonty

Shekara arba'in da ɗaya na yi a ƙauyen Skelgarth, ban taɓa hawa dutsenmu ba sai da mijina Jonty ya rasu. Ni 'yar gari ce, girki da kaji na sani.

A saman dutsen babu shinge. Kowane garke ya san gefensa, uwa ke nuna wa 'yarta tun zamanin kakanni. Mai garke ma dole ya san iyakarsa, in ba haka ba a sauko da tumakin a sayar, kuma garken da ya sauka ba ya komawa. Wata biyu da jana'iza dattawan ƙauye suka ce ranar Asabar in nuna musu iyakar Jonty. Na ce na sani sarai. Ƙarya nake yi.

Sai na yi dabara, a ganina. Ranar Alhamis na zura takalman Jonty, na bi wata tsohuwar tunkiya mai yagaggen kunne. Duk inda ta tsaya in ɗaura tsumma a kan ciyawa. Muka haye rafi, muka yi ta hawa ina haki, har ta kai ni wani faffaɗan dutse. Nan ta tsaya tana shinshinar aljihuna.

"Nance! Shanya kike yi a gefena?"

Isaac Relph ne, maƙwabcinmu, da sandarsa.

"Iyakata nake dubawa."

"Iyakarki kin baro ta tun a rafi, baiwar Allah."

"Tunkiyar ce ta kawo ni."

Ya yi dariya har da tari. "Ai cin abinci ta zo. Nan muke zama da Jonty kullum, yana ba ta gurasar da kike ƙunsa masa."

"Duka?"

"Duka. Ya ce haƙoranta sun fi nasa ƙwari."

Na zauna a kan dutsen. Ashe duk sammakon da nake yi, tumaki nake gasa wa gurasa, uwa da 'ya da jika. Bai taɓa dawo min da ko ɓarɓashi ba, ni kuwa ina ta yi wa matan coci alfahari. Na yi kuka, majina har baki, tunkiyar tana cin igiyar rigata.

Isaac ya bari na gama, ya ce, "Tashi, kwashe tsummokaranki kafin wani ya gani."

Ya bi da ni ƙafa da ƙafa: bakin rafi, bishiyar da tsawa ta raba, tulin duwatsun da kakan Jonty ya jera. Sau uku ya sa na maimaita.

Ranar Asabar na wuce gaba, dattawa biyar a bayana. A wajen bishiyar na nufi hagu. Isaac ya yi gyaran murya, na juya dama kamar da ma can na nufa. Babu wanda ya tanka, ko da yake duk sun gani.

Tumakin suna can sama har yau.